Taragon Kaka: Yadda Na Gyara Abin da Na Fasa, Na Kuma Sa Kamfani Ya Amsa Mini

A saman kabad ɗin falon kakana da ke Unguwar Shanu akwai wani ɗan taragon jirgin ƙasa kore, wanda tsawonsa bai kai na rula ba. Tun ina yaro nake ganinsa, tun ina yaro kuma dokarsa ɗaya ce: a kalla da ido, ban da hannu. Kaka tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana duba ƙafafun taragai. Wani injiniya Bature da suka yi aiki tare ne ya bar masa shi tsaraba, da wasu guntayen layi guda takwas, ranar da zai koma ƙasarsu.

A semistar nan aikinmu na kammala difloma ya faɗo a kan bogi, wato ɗan amalanken nan mai tayoyi huɗu da tarago ke zaune a kansa. Na ga babu abin da zai nuna wa malamai yadda bogi ke juyawa a kan kwana kamar taragon Kaka. Sai da na yi zarya sau uku kafin ya yarda. Ranar da ya miƙo mini ya ce, "Abokina, wannan ya girmi uwarka a gidan nan. Yadda ka ɗauka haka za ka dawo da shi." Kwana huɗu bayan nan, a ɗakinmu, wayar caja ta ja kwalin daga kan tebur ya faɗo a kan siminti.

Na rubuta wannan ne saboda abin da na koya a makonni bakwai da suka biyo baya bai tsaya ga abin wasa ba. Duk wanda ya taɓa lalata kayan aro, ko yake da waya ko kwamfuta da ta lalace ya rasa yadda zai yi magana da kamfanin da ya ƙera ta, zai sami abin ɗauka a ciki.

Ba abin wasan yara ba ne

Da farko mu san me muke magana a kai. Irin waɗannan ƙananan jiragen ana ƙera su ne a kan ma'auni, kowane sashe an rage shi daidai da na gaske. Ma'aunin da ya fi yawa a duniya shi ake kira HO, wato kashi 1 cikin 87. Ku ɗauko kalkuleta mu gwada. Faɗin layin da ya tashi daga Rigasa zuwa Idu a Abuja, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016, milimita 1,435 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Raba wannan da 87, za ka sami 16.5. To faɗin layin HO ke nan cif, milimita 16.5. Tsohon layinmu kuwa, wanda ya isa Kano a 1911, wanda kuma har yau yake ratsa tsakiyar garin nan, faɗinsa milimita 1,067 ne. In za ka yi samfurinsa a ma'auni ɗaya, layi mai faɗin milimita 12 za ka nema. A Ingila sun fi amfani da OO, kashi 1 cikin 76, amma a kan layin 16.5 ɗin dai. Akwai kuma N, wanda ya fi ƙanƙanta, kashi 1 cikin 160, layinsa milimita 9.

Akwai kamfanonin da suka daɗe a wannan sana'a, irin su Märklin na Jamus da aka kafa a 1859, da Hornby na Ingila, da Roco na Ostiriya, da Kato na Japan. Akwai kuma ƙungiyoyin da ke tsara ƙa'idoji domin kayan wannan kamfani su hau layin wancan. A Amurka NMRA ce, tun 1935. A Turai ƙa'idojin ana kiransu NEM. Ku riƙe wannan, domin shi ya cece ni daga baya: abin da aka yi a kan ƙa'ida, ko kamfani ya daina yinsa, ana iya samun madadinsa.

Wani abu ya ɗaure mini kai da na auna na Kaka. Irin taragon fasinjan da aka kwaikwaya tsawonsa mita 26.4 ne. A lissafi ya kamata ƙaramin ya kai milimita 303, amma 264 na samu. Har na fara zargin jabu ne. Ashe da gangan ake yi. Kwanar layin da ake shimfiɗawa a kan tebur tana da tsauri ƙwarai, dogon tarago ba ya iya shanta cikin sauƙi, don haka kamfanoni da yawa suka riƙa rage tsawon kaɗai zuwa kashi 1 cikin 100, su bar faɗi da tsayi yadda suke.

Kuskuren farko: gaggawa

Da na ɗaga kwalin, ga abin da na tarar. Rufin ya ɓalle, ɗaya daga cikin 'yan haƙoran da ke riƙe shi ya karye. Bogi ɗaya ya cire gaba ɗaya, sandar da yake juyawa a kanta ta tsinke. Aksul ɗaya ya lanƙwashe. Bafa ɗaya, wato ɗan faifan nan da ke tare karo a ƙarshen tarago, ta guntule. Ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago ta tsage. Gilashin tagogin gefe ɗaya kuma ya zame ciki.

Me na yi? Abin da kowannenmu zai yi. Na ruga shago na sayo sufa gulu na ɗari biyu. Na ɗiga a sandar bogi, na ɗiga a gefen gilashi, na mayar da rufi na danne, na kwanta ina cewa Kaka ba zai taɓa ganewa ba. Da gari ya waye sai na ga tagogi uku sun yi fari fat kamar hazon Janairu, bogin kuwa ina taɓa shi ya sake faɗowa. Sauri ya haifi nawa.

Ga dalilin, don kada wani ya maimaita. Sufa gulu yana fitar da tururi yayin da yake bushewa. In aka rufe shi a wuri marar iska, tururin sai ya sauka a kan robar da ke kusa, musamman inda yatsa ya taɓa, ya bar farin dusa-dusa. Shi ya sa ba a kusantar da shi ga gilashin roba. Abin da ya dace da taga shi ne farin gam ɗin kafintoci, ɗan kaɗan a bakin tsinke, domin in ya bushe garau yake zama, kuma ana iya ɓare shi in an yi kuskure.

Batun bogi kuma daban ne. Ba kowace roba ce roba ba. Gangar jikin irin waɗannan taragai yawanci da folistirin ake yi, roba mai tauri da saurin tsagewa. Ita ba manna ta ake yi ba, narkar da bakin ake yi da wani ruwan gam na musamman, ɓangarorin biyu su haɗe su zama ɗaya, kamar walda. Bogi da ƙugiya kuwa sau da yawa da asital ake yin su, roba mai santsi da juriya, wadda aka zaɓa takanas domin ba ta cin aksul. Santsin nan da ya sa ta yi kyau a aiki shi ne ya sa gam ba ya kama ta. Ko kwalba guda ka juye, ɓata lokaci ne. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ɗiga ɗigon ruwan gam ɗin a wani lungu da ba a gani. In wurin ya yi laushi ya yi danƙo, folistirin ce. In ya bushe bai bar alama ba, sai dai kusa ko ƙarfe.

Abin da ya kamata in fara yi

Bayan na huce, wani ma'aikacin wokshof ɗinmu ya zaunar da ni ya ce, "Kai da kake karatun injiniya, ka taɓa ganin likita ya yanka kafin ya duba?" Ga tsarin da ya ɗora ni a kai, kuma yana aiki a kan kowace na'ura.

Na ɗaya, tattara kowane ɓarɓashi. Na share ɗakin da tocilan a kwance a ƙasa, domin haske a kaikaice shi ke tona ƙananan abubuwa. Da haka na tsinci haƙorin rufin a ƙarƙashin katifa. Na biyu, ɗauki hoto ta kowace fuska kafin ka kwance komai, da rula a gefe. Na uku, rubuta jerin abin da ya lalace, ka raba shi gida uku: wanda zan iya gyarawa, wanda zan iya ƙerawa, da wanda dole sai an sayo. Na huɗu, nemi lamba. Juya kayan ka duba ƙasansa da kwalinsa. A ƙasan taragon Kaka akwai sunan kamfani da rubutun da ke nuna an yi shi a Jamus ta Yamma, abin da ya gaya mini ya riga 1990, shekarar da Jamus biyu suka haɗe. A gefen kwalin kuma, wanda Kaka ya adana duk shekarun nan, akwai lambar samfurin. Ba don kwalin nan ba da labarin ya sha bamban.

Yadda ake magana da kamfani

Saƙona na farko a shafinsu na Facebook na tura shi, layi ɗaya, ina cewa jirgina ya lalace a taimaka mini. Har yau ba su amsa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ke zaune a sashen kayan gyara yana da dubban lambobi a gabansa. In ba ka gaya masa wanne kake nufi ba, ba duba zai yi maka ba.

Na biyun sai na shiga shafin kamfanin na intanet, na nemo adireshin imel na sashen kula da abokan ciniki, na rubuta da Turanci mai sauƙi. A kan saƙon na sa lambar samfurin da kalmomi kaɗan da ke nuna kayan gyara nake nema. A ciki na faɗi abu biyar, kowanne a layinsa: lambar samfurin da ma'auninsa, kimanin shekarun da aka yi shi, abin da ya faru, sassan da nake buƙata da adadinsu, da ƙasar da nake, tare da tambayar ko suna aikowa Najeriya, in ba sa yi wa zan tuntuɓa. Na haɗa da hotuna huɗu masu haske. Na kuma roƙi takardar zanen sassa, wadda ke nuna kowane ɓangare a wargaje da lambarsa. Duk saƙon bai kai kalma ɗari da hamsin ba.

A wajen faɗin abin da ya faru, abokin ɗakina ya ce in rubuta cewa haka kawai ya karye, wai ko za su ba ni kyauta. Na ƙi, kuma ina ba ku shawarar ku ma ku ƙi. Ban da cewa ƙarya ce, ba ta ma da amfani. Garanti yana ɗaukar aibin da ya taho daga masana'anta ne, na wani ƙayyadadden lokaci. A Tarayyar Turai, misali, shekara biyu doka ta ba mai sayen sabon kaya. Ba ya ɗaukar abin da ya faɗo daga tebur, balle wanda ya shekara talatin da wani abu. Kuma wanda aikinsa ke nan kullum, yana ganin hoto zai bambance karayar faɗuwa da ta tsufa. Ni ba kyauta nake nema ba, bayani nake nema, bayani kuwa ya fi zuwa wa wanda ya faɗi gaskiya.

Kwana shida aka yi shiru. A na bakwai amsa ta shigo ina cikin lakca, saura kaɗan in yi ihu. Sun ce sun daɗe da daina yin wannan samfurin, kuma bogin babu shi a ajiya. Amma sun haɗo hoton tsohuwar takardar sassan, sun kuma ba ni lambobin taya da bafa na wani tarago da suke yi yanzu, waɗanda suka ce za su shiga. Sai suka yi mini tambaya ɗaya da ban san da ita ba: layina na ƙarfe biyu ne ko na uku?

Wannan tambayar tana da muhimmanci. A tsarin ƙarfe biyu, wuta tana shiga ta ƙarfe ɗaya ta fita ta ɗayan, kusan bolt 12 ta DC. Don haka dole a raba tayar dama da ta hagu da 'yar roba a kan aksul. In ba haka ba, kana ɗora taragon a layi wuta za ta haɗe. A tsarin Märklin kuwa akwai 'yan ƙusoshi a jere a tsakiyar layi da ke kawo wutar AC, ƙarafan gefe biyun duka hanya ɗaya ce, don haka tayoyinsu ba sa buƙatar rabuwa. A ido kusan iri ɗaya ne. Na duba guntayen layin Kaka, babu ƙusoshi a tsakiya. Na ɗora mita a kan tayoyin da suka tsira, ba ta yi ƙara ba, alamar a rabe suke. Na amsa musu a ranar. Da na yi oda da ka, da na biya kuɗi na sayo matsala.

Sai batun biya da aikowa, inda ɗan Najeriya ke gane a ina yake zaune. Kuɗin aike ya ninka na kayan kusan sau uku, katina na naira kuma ya ƙi wucewa. Allah ya taimake ni akwai abokin yayana da ke karatu a can, yana shirin zuwa hutu. Shi ya saya da adireshinsa ya taho da su a aljihun jaka, duka ba su cika kwalin ashana ba. Wanda ba shi da irin wannan hanyar, ya nemi a aiko masa da lambar bibiya, ya rubuta lambar wayarsa a jikin adireshin, ya kuma riƙa leƙa gidan waya da kansa. In kuna da yawa masu buƙata, ku haɗa oda ɗaya ku raba kuɗin aike.

Aikin hannu

Kafin kayan su iso na fara da abin da ke hannuna. Kayan aikin ba masu tsada ba ne: ƙaramin sukundireba irin na masu gyaran waya, hantsaki, reza, ɗan magagari, samfefa mai laushi, tsinken sakace, da baniya da na ara a wokshof. Ruwan gam na folistirin wani abokina mai karatun zanen gine-gine a reshenmu na Barnawa ya sam mini, su da kullum cikin haɗa ƙananan gidaje suke. A kula, yana kama wuta kuma warinsa na hawa kai, sai a buɗe taga.

Haƙorin rufi shi ya fi sauƙi. Na kankare busasshen sufa gulu, na haɗa bakin karayar, na taɓa ruwan gam da bakin tsinke ya bi tsagar da kansa. Na manna wata 'yar siririyar roba a bayansa don ƙarfi, na bar shi kwana ɗaya cur ban taɓa ba.

Bogin ne ya ci mini lokaci. Tun da gam ba zai kama ba, kamfani kuma ba shi da shi, sai na yanke ragowar sandar, na yi shawarar maye gurbinta da kusa mai zare. Na zaga tsohuwar Panteka, nan kusa da mu, inda aka ce in dai ƙarfe ne babu abin da ba a ƙerawa. Wani dattijo ya jujjuya bogin a tafin hannunsa ya yi dariya ya ce, "Yaro, mu nan ƙaramin nocinmu ya fi wannan motar taka nauyi. Je ka wurin masu kwamfuta." Gaskiyarsa. Ƙananan kusoshin da ke ɗaure laftof da yawa M2 ne, wato kaurin milimita 2. Wani mai gyara ya zube mini gwangwaninsa ya ce in zaɓa. Na manna ɗan tubalin roba a cikin ƙasan taragon, na huda shi da bakin dirila na milimita 1.6, da yatsa nake murzawa ba da inji ba, domin zafin inji narkar da roba yake. Na faɗaɗa ramin bogin kaɗan yadda zai juya a sake, na sa 'yar washa, na ɗaure.

A nan ne karatun aji ya haɗu da aiki. Ba a ɗaure bogi biyun daidai wa daida. Ɗaya ana barinsa ya juya dama da hagu kawai. Ɗayan ana ɗan sassauta shi ya iya rausayawa. Dalili shi ne kujera mai ƙafa uku ba ta girgiɗi ko ƙasa ba daidai take ba, mai ƙafa huɗu kuwa sai ɗaya ta ɗage. In ka ɗaure duka biyun tamau, da an zo inda layi ya ɗan karkace taya ɗaya za ta tashi, leɓenta ya haye ƙarfe, tarago ya sauka. Jirgin gaske da sifirin yake magance wannan.

Ƙugiya ma asital ce. Taragai na zamani a Turai suna da ɗan aljihu na bai ɗaya, NEM 362, wanda kake zare tsohuwar ƙugiya ka cusa sabuwa cikin daƙiƙa biyar. Na Kaka ba shi da shi. Na huda ɓangarorin biyu na tsagar, na zura siririyar wayar tagulla ta rabin milimita, na lanƙwasa bakinta ta riƙe. Ba ta yi kyan ta asali ba, amma tana ja.

Da tayoyin suka iso, kafin in saka sai da na auna tazarar da ke tsakanin bayan taya da bayan taya. A HO kusan milimita 14.5 ake so. In ta yi ƙasa ko sama da yawa, tarago zai yi tafiya lafiya a miƙaƙƙen layi, amma ya yi tuntuɓe a mararraba. Bakin aksul ɗin tsini ne da shi kamar allura, yana zama a ɗan rami a jikin bogi. Kada a sa masa baƙin mai ko man keken ɗinki. Wasu mayukan suna cin roba, kuma a garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwati, mai da ƙura in sun haɗu samfefa suke zama. Na goga bakin fensir mai laushi a ramin, shi ke nan. Na ɗora shi a layi na ɗaga gefe ɗaya kaɗan, ya gangara da kansa ba ƙara.

Na kuma auna nauyinsa. Ƙa'idar NMRA ta ce taragon HO ya kai oza ɗaya, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawonsa. A namu lissafin, mai milimita 264 zai kai giram 176 ke nan. Na Turai ba su kai haka nauyi ba, kuma tun da ba nawa ba ne, ban ƙara masa komai ba. Wannan ma ƙa'ida ce a gyaran kayan tarihi: kada ka yi abin da ba za a iya warwarewa ba sai dole.

Tagogin da na ɓata na goge su da man goge baki a kan auduga, a hankali, dare uku. Biyu sun dawo garau. Ta ƙarshe, wadda ke can bakin taragon, ta ƙi. A guji tina da fetur a nan, narkar da robar suke yi nan take. A kuma guji barin irin wannan kaya a rana ko cikin mota a rufe, domin zafin Maris da Afrilu yana iya lanƙwasa shi, kuma wannan ba shi da magani.

Abin da ya shafi kowa

Na san yawancinmu ba za mu taɓa riƙe ɗan tarago ba. Amma kowa na da waya, wasu na da laftof, 'yan firojek kuma kullum cikin sayen mota da sensa da batir suke. Hanyar ɗaya ce. Ajiye rasit da kwali. Ɗauki hoton lambar kaya tun ranar da ka saya. In ya lalace, kada ka buɗe shi in garanti bai ƙare ba, domin buɗewar na iya soke shi. Fara da wanda ya sayar maka, sannan kamfani, kuma a rubuce, don ya zama kana da shaida. In sabon kaya ne ya zo da aibi aka ƙi sauraronka, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma tana karɓar ƙorafi. A Turai ma a 2024 sun zartar da dokar da ke tilasta wa masu ƙera wasu kayayyaki, irin su waya da injin wanki, su samar da gyara ko bayan garanti ya ƙare. Mu da muke shirin fita mu ƙera namu, ya kamata mu tambayi kanmu: wanda ya sayi injin da na yi, in ya dawo bayan shekara goma, ina da zanen da zan ba shi?

Gyaran da ya fi wuya

Akwai abin da na bari sai ƙarshe, domin ni ma sai da na yi ta ɗaga shi. Makonni biyu na yi ina kauce wa Unguwar Shanu. Hajiya ta kira ta ce, "Maigida, ko ka yi mini kishiya ne a makaranta?" Na yi dariyar yaƙe na ce karatu ne. Niyyata in gama gyara in mayar shiru. Amma da na ga taga ɗaya ba za ta dawo ba, na kuma tuna na gaya wa baƙo a wata ƙasa gaskiya, sai kunya ta kama ni. Ranar Juma'a bayan masallaci na je na zauna a gabansa na ce, "Alhaji, na yi maka ɓarna." Na zayyana masa komai, har da sufa gulu.

Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Faɗuwar ba ta dame ni ba, na ga na gaske ya faɗi. Makonni biyun da ka ɓuya su ne ban ji daɗi ba." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Sai kuma ya ce in kawo bogin ya gani. Shi ne ma ya fara gaya mini zancen sassauta ɗaya, tun kafin in karanta shi a ko'ina.

Mun yi difens lafiya. Taragon ya sha kwana a gaban malamai sau biyar bai sauka ba. Da na mayar da shi, Kaka ya sa tabarau ya bi shi taga bayan taga har ya zo kan farar. Ya ɗago ya ce, "Wannan ai tagar bayi ce. A jirgin gaske ma fara ake yin ta, don kada a leƙa mutane." Ya mayar da shi saman kabad da hannunsa, ya sa takardar sassan da na buga masa a cikin kwalin, ya ce duk jikan da ya sake fasa shi ni za a kira.